Dukiyar Wa Ke Cikin Akwatin 'Yan Fashin Teku?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina a kan maganar da wani ɗan'uwa mai karatu ya tayar a shafin wasiƙu kwanakin baya, inda ya nemi iyaye da malamai su raba yara da ƙagaggun labaran 'yan fashin teku da farautar ɓoyayyar dukiya, bisa hujjar cewa labarai ne da ke naɗa wa ɓarawo rawanin jarumi. Na karanta wasiƙar tasa har sau biyu, kuma ban ga laifinsa ba, domin damuwa ce irin ta mai kishin tarbiyya. Sai dai ni da na shafe shekaru ina karanta irin waɗannan labarai, daga baya kuma na koma bin diddigin tarihin da aka ɗebo su daga ciki, ina ganin ɗan'uwan namu ya hango ciwon, amma ya shafa maganin a inda ba ya zafi. Abin da ya fi damuna shi ne wata tambaya da labaran ba su cika yi ba, wato daga hannun wa dukiyar da ke cikin akwatin ta fito.

Adalci ne in fara faɗin abin da ke jan mutum ga irin wannan labari. Galibi akan soma da wata tsohuwar taswira da ta faɗa hannun wanda bai san darajarta ba, sau da yawa yaro, a jikinta an zana tsibirin da babu mai sanin sunansa, an kuma yi alama a gindin wata bishiya ko bayan wani dutse. Daga nan sai a nemi jirgi, a ɗebi ma'aikata a tashar ruwa cikin gaggawa ba tare da an san asalin kowa ba, a ɗaga filafilai a shiga teku. To, a nan daɗin yake, domin jirgin ruwa a tsakiyar teku gida ne da ba shi da ƙofar fita. Mutumin da kake zargin yana ƙulla maka makirci shi ne ke riƙe da igiyar da ranka ya rataya a kanta ranar da guguwa ta taso, kuma babu inda za ka gudu ka bar shi. Duk ranar da aka ƙara kusantar tsibirin sai amana ta ƙara sirancewa, har a wayi gari mutanen da suka rantse za su raba daidai kowa yana kwana da wuƙa a ƙarƙashin kansa. Marubucin da ya iya aikinsa ya san zinariyar tarko ce da ya ɗana domin halin kowa ya fito fili, shi ya sa da wuya ka ga labari mai kyau a wannan fanni wanda mai haɗama ya kai ƙarshensa yana dariya. Yaron da ya karanta irin wannan labari da natsuwa zai fito da sanin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ban ɗauka zai fito yana sha'awar sata ba.

Wannan siffa da muka saba da ita, ta taswira mai alama da akwati a ƙarƙashin yashi da aku a kafaɗa, mafi yawanta ta bazu a duniya ne ta hanyar littafi guda, Treasure Island, wanda Robert Louis Stevenson ɗan ƙasar Sikotilan ya fara rubutawa a 1881 bayan wata taswirar tsibiri ta wasa da suka zana shi da agolansa. An buga labarin kashi-kashi a wata mujallar yara, sannan ya fito a matsayin littafi a 1883. Ke nan taswirar ta riga labarin zuwa duniya, kuma a lokacin da aka zana ta, zamanin da ake kira na tashen 'yan fashin teku, wato daga wajen 1650 zuwa wajen 1730, ya riga ya shuɗe da shekara ɗari da hamsin. Abin da marubutan baya suka sani game da waɗannan mutane sun samo shi ne galibi daga wani littafi da aka buga a Landan a 1724 da sunan Kyaftin Charles Johnson, wanda ya haɗa bayanan kotu na gaskiya da ƙarin gishiri irin na mai son littafinsa ya sayu.

Ɗan fashin da tarihi ya tabbatar ya binne dukiya, kuma kowa ya san sunansa, shi ne William Kidd. Abin dariya, shi wannan mutum an tura shi ne daga Ingila da takardar izini domin ya kamo 'yan fashi a Tekun Indiya, amma a Janairun 1698 ya kama wani babban jirgi mai suna Quedagh Merchant wanda fataken Armeniya suka yi haya, aka kuwa sanya sunansa cikin waɗanda ake nema. Da ya dawo a 1699, sai ya ɓoye wani kaso na kayan a tsibirin Gardiner kusa da New York, da niyyar ya yi ciniki da hukuma a kan ransa. Dabarar ba ta ci ba. An kama shi a Boston, an tono kayan cikin ɗan lokaci aka aika da su Ingila su zama shaida a kansa, aka rataye shi a Landan ranar 23 ga Mayu, 1701. Kafin a rataye shi ya aika wa majalisa cewa yana da wata dukiyar a ɓoye wadda ta kai fam 100,000, idan an bar shi da rai zai nuna wurin. Babu wanda ya saurare shi a lokacin, amma maganar mutumin da ke neman tsira daga igiya ita ce ta sa mutane suka yi ta haƙa ramuka a gaɓar Amurka ƙarni bayan ƙarni.

Dalilin da ya sa binne dukiya bai zama ɗabi'arsu ba a fili yake idan aka dubi abin da suke samu. Yawancin ganimar ba zinariya ba ce. Sukari ne da taba da yadudduka da igiyoyi da filafilai da guzuri, abubuwan da ko dai a yi amfani da su a jirgi, ko a karyar da su da arha a tashar da ba a yawan tambaya. A Mayun 1718 Edward Teach, wanda aka fi sani da Blackbeard saboda baƙin gemunsa, ya toshe mashigar garin Charleston da ke gaɓar Amurka na kusan mako guda, ya yi garkuwa da wasu manyan mutanen garin, kuma abin da ya nema fansa shi ne akwatin magunguna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin rayuwar da ake yi a cikin jiragen, inda cuta ta fi takobi kisa. Ban da haka, ganima akan raba ta ne a gaban kowa, kuma mutumin da bai da tabbacin ganin baɗi ba ya haƙa rami ya ajiye rabonsa. Sannan ga matsalar komawa wurin. Matuƙan wancan zamani suna iya sanin nisansu ta arewa ko kudu ta hanyar auna tsayin rana da taurari, amma sanin nisan gabas ko yamma ya gagare su, har majalisar Birtaniya ta sanya ladar da ta kai fam 20,000 a 1714 ga duk wanda ya warware matsalar, kuma sai a 1761 aka fita gwada agogon John Harrison da ya kawo mafita. Ƙaramin tsibiri a tsakiyar teku, ko da taswira a hannu, neman sa kamar neman allura ne a cikin rairayi.

Ba zan hana su nasu haƙƙin ba. Da yawa daga cikinsu matuƙa ne da aka sallama bayan yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta kawo ƙarshen yaƙin gadon sarautar Sifaniya, ko waɗanda suka gaji da bulala da yunwa da riƙe albashi a jiragen fatauci. A jiragen fashi kuwa akan zaɓi kyaftin da ƙuri'a, akan kuma tsige shi da ƙuri'a. Dokokin da aka ruwaito na jirgin Bartholomew Roberts sun hana caca da kuɗi, sun ce a kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare, sun ba kyaftin kaso biyu kacal a inda kowa ke samun ɗaya, sun kuma yanka diyyar tsabar azurfa 800 ga wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki. Wannan ɓangare ne marubuta ke ƙauna, kuma ba ƙarya suka yi ba da suka nuna shi. Amma adalcin iyakarsa bakin jirginsu, wanda ke cikin ɗayan jirgin ba shi da rabo a ciki.

Ga misalin da nake so ɗan'uwanmu mai wasiƙa da sauran masu karatu su tsaya su duba. A Satumban 1695 Henry Every ɗan Ingila, da jirginsa mai suna Fancy, ya tare wani ƙaton jirgi mallakar Aurangzeb sarkin daular Mughal ta Indiya, yana kan hanyar komawa tashar Surat ta Indiya daga Bahar Maliya. Sunan jirgin Ganj-i-Sawai, ma'anarsa dukiya mai yawan gaske, kuma a cikinsa akwai alhazai maza da mata da ke dawowa daga Makka. An ƙiyasta ganimar tsakanin fam 325,000 da 600,000, kuma tana cikin mafi girma da aka taɓa samu a tarihin fashin teku. Wannan adadi shi ne abin da ake maimaitawa a littattafai, ana jinjina kai. Abin da ba a cika maimaitawa ba shi ne kwanakin da 'yan fashin suka kwashe a cikin jirgin suna azabtar da maza domin su faɗi inda suka ɓoye kuɗi, suna keta haddin mata, har masanin tarihin daular, Khafi Khan, ya rubuta cewa wasu matan sun faɗa teku domin su tsira da mutuncinsu. Aurangzeb ya fusata, aka tsare ma'aikatan kamfanin fataucin Ingila mai suna East India Company a Surat, Ingila ta sanya lada a kan Every, aka rataye wasu daga cikin yaransa a 1696, amma shi kansa ba a taɓa kama shi ba. Mutanen Landan kuwa suka yi masa waƙoƙi da wasan kwaikwayo, suka mayar da shi sarkin wani tsibiri na mafarki. Duk lokacin da na karanta labarin da aka buɗe akwati aka ga sarƙoƙi da awarwaro da zobba suna ƙyalli, sai in tuna cewa kowane awarwaro daga hannun wata aka zare shi, kuma ba da lallashi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda labaran suka yi shiru a kansa kusan baki ɗaya. Tekun da 'yan fashin suka yi tashe a cikinsa shi ne tekun cinikin bayi, wato Tekun Atlantika, kuma sun fi son jiragen bayi saboda saurinsu da faɗin cikinsu da yawan igwoyinsu. Shahararren jirgin Blackbeard, Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin bayi ne na Faransa mai suna La Concorde, wanda ya kama a Nuwamban 1717 ɗauke da ɗaruruwan mutanen Afirka. Jirgin Samuel Bellamy kuwa, Whydah, sunansa ma daga garin Ouidah ya samo asali, tashar bayi da ke Jamhuriyar Benin ta yau. Lokacin da Bellamy ya kama shi a Fabrairun 1717, jirgin ya riga ya sauke mutanen da ya ɗauko a Jamaika, yana hanyar komawa Ingila da abin da aka saye su da shi. Wato wani ɓangare na dukiyar da ke cikinsa kuɗin mutane ne. Bayan wata biyu kacal, ranar 26 ga Afrilu, guguwa ta farfasa shi a gaɓar Cape Cod ta Amurka, mutum biyu kaɗai suka tsira cikin sama da 140. An gano ɓaraguzansa a 1984, aka ciro ƙararrawarsa mai ɗauke da sunansa a shekara mai bi, aka kuma samu kayan adon zinariya ƙirar mutanen Akan na ƙasar Ghana ta yau. A cikin abubuwan da aka tsamo akwai ƙashin ƙafar wani yaro tare da takalmi da safar siliki, wanda masu bincike suka danganta da John King, yaron da bai wuce shekara 11 ba, da ya nace sai ya bi 'yan fashin bayan sun tare jirgin da yake ciki tare da mahaifiyarsa. Ga dai yaron labari nan a zahiri, kuma ga inda tafiyarsa ta tsaya.

Shi kuwa Roberts mai dokar kashe fitila da biyan diyya, wanda aka ce ya kama jirage sama da 400, a Janairun 1722 ya shiga tashar Ouidah ya nemi fansa daga jiragen da ya tarar. Da kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya, sai yaransa suka cinna wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ɗaure a ciki. A watan da ya biyo baya jirgin yaƙin Birtaniya ya rutsa shi kusa da Cape Lopez a ƙasar Gabon ta yau, aka kashe shi, aka kai mutanensa Cape Coast a ƙasar Ghana ta yau aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen fata gommai da aka samu a jiragensa ko shari'ar ma ba a yi musu ba, sayar da su aka yi. Gaskiya ne cewa a wasu jiragen fashi mutanen Afirka sun zama cikakkun ma'aikata masu ƙuri'a da kaso, amma a wasu kuwa kaya ne cikin kaya, kuma duka biyun sun cancanci a faɗe su.

Hatta tsabar azurfar Sifaniya da ke cika akwatunan labari, mai yawa daga cikinta daga dutsen Potosi na ƙasar Boliviya ta yau aka haƙo ta tun daga 1545, da gumin 'yan asalin ƙasar da aka tilasta wa shiga ramuka, waɗanda da yawansu ba su fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan ɗan fashi ya ƙwace ta daga jirgin sarkin Sifaniya, to ɓarawo ne ya sace a hannun wanda ya riga shi. Shi kansa sunan ɗan fashi ya danganta da wanda ke riƙe da alƙalami, domin Francis Drake da Sifaniyawa ke kira ɗan fashi, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ɗaya ta ba shi lambar girma a 1581 saboda aiki iri ɗaya da wanda aka rataye wasu a kansa.

Saboda haka, Malam Edita, ra'ayina ya saɓa da na ɗan'uwanmu a kan hani. A bar yara su karanta, su ji ƙamshin teku da fargabar guguwa, su koyi yadda ake gane maci amana tun kafin ya zare wuƙa. Amma wanda ya miƙa wa yaro littafin, idan an kai shafin da aka buɗe akwati, ya tambaye shi ko yana tsammanin wa ya mallaki waɗannan kaya kafin su zo nan. Ga marubutan da ke sha'awar wannan fanni kuma, ina ganin sun bar fili mai faɗi ba su noma ba. Ina son in karanta labarin da aka bayar daga bakin wata mata a cikin jirgin alhazan nan, ko daga bakin mutumin da aka kwance wa mari a cikin jirgin bayi aka miƙa masa takobi aka ce ya zaɓa, alhali ya san idan aka kama su abokansa igiya ce rabonsu, shi kuwa kasuwa. Irin wannan mutum idan taswirar dukiya ta faɗo hannunsa, abin da zai nema da ita ya fi na kowa nauyi, kuma labarinsa ba zai rasa guguwa da makirci da tsibiri ba. Ba kuma dole ne a tsaya a tekun Karibiyan ba, tun da a tekun kudancin Sin an yi wata mata, Zheng Yi Sao, wadda ta shugabanci rundunar ɗaruruwan jirage, ta gagari sojan ruwan daular Qing mai mulkin Sin a lokacin, har a 1810 hukuma ta yi sulhu da ita ta yi mata afuwa.

Ita kuwa dukiyar gaske, a ƙarƙashin ruwa take, kuma har yau ana jayayya a kanta. A Yunin 1708 jiragen yaƙin Birtaniya suka afka wa ayarin Sifaniya kusa da Cartagena a ƙasar Kolombiya ta yau, wani babban jirgi mai suna San Jose ya tarwatse ya nutse da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, tare da mutum kusan 600 waɗanda 'yan kaɗan ne suka tsira daga cikinsu. A Disamban 2015 shugaban Kolombiya na lokacin, Juan Manuel Santos, ya sanar da cewa an gano shi. Tun daga ranar Kolombiya ke cewa nata ne domin a ruwanta yake, Sifaniya ke cewa jirginta ne na yaƙi, wani kamfanin Amurka ke cewa shi ya fara gano wurin, al'ummar Qhara Qhara ta Boliviya kuma ke cewa kakanninsu ne suka haƙo azurfar a Potosi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu na yau da kullum